Abin da Ke Riƙe da Ni Idan Ƙashi Ya Fara Sara

An haife ni da sikila, irin SS, wato na gaje ta daga uwa da uba duka, a cikin birnin Kano, kuma yanzu na haura shekara talatin. Mutane suna yawan ce mini jaruma. Ba na musu don kada in yi wa Allah butulci, amma na san abin da suke gani daga waje ba da shi aka haife ni ba. Ina jin tsoro har gobe, musamman idan hunturu ya kawo kai. Abin da ya canza shi ne yanzu na san abin da zan yi da hannuna idan tsoron ya zo, kuma yawancin aikin ana yin sa ne a ranakun da jiki yake lafiya lau.

Inna ta ce ina kusan wata shida hannuwana da ƙafafuwana suka kumbura, na yi ta tsala kuka ba dare ba rana. Kafin ni ta binne yara biyu, har an fara raɗe-raɗin wabi take yi. Kakata ta ce sanyi ne, aka kira wanzami ya yi mini tsaga a gefen ciki na hagu, wai saifa ce ta tashi, kuma tabon yana nan. Sai da na kusa shiga firamare aka yi gwajin jini aka gane. Da na girma na fahimci dalilin wata shidan nan: jariri yana zuwa duniya da wani nau'in jini na zaman ciki wanda ba ya lanƙwashewa, kuma wajen wata shida ne yake ja da baya, sai na sikilar ya karɓi wuri. Inna AS ce, Baba ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikilar ta gefe ɗaya ba tare da tana kwantar da shi ba. A irin wannan aure kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Mutane suna ɗauka cewa idan an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauko. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki sabon lale ne, shi ya sa za ka ga gida ɗaya uku a jere, wani gidan kuma ko ɗaya babu.

Maganar da ta fi ciwon yi mini illa daga bakin wata goggona ta fito, ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Tana ba Inna shawara kada a wahalar da aljihu a kan karatuna, tunda irinmu ba ma wuce ashirin. Ba ta san ina bayan labule ba. Daga nan na daina sa rai da komai da ya wuce mako mai zuwa. Ko atamfa aka saya mini ba na ɗokin ɗinki. Da lokacin biyan kuɗin jarrabawar fita ya zo na ce wa Baba ya bar shi. Ya dube ni ya ce, "Uwata, ajali ba a hannun goggonki yake ba, ba kuma a hannun likita yake ba. Ɗauko takardar." Ya biya. Maganarsa ta ɗaga ni a ranar, amma ba zan ce ita ta gyara zuciyata ba, domin daɗin baki ba ya kai mutum tsakar daren da ƙashi ke sara.

Wadda ta sa ni a hanya wata likitar jini ce da ta zaunar da ni ta yi mini bayani a bayan takardar magani. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, tawa kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take yi. Shi ya sa kullum jinina yake ƙasa, kuma mushen ƙwayoyin ne ke sa farin idona ya yi ɗorawa. Idan jiki ya rasa ruwa, ko sanyi ya matse jijiyoyi, ko zazzaɓi ya shiga, ko gajiya ta yi yawa, sai ƙwayar ta lanƙwashe ta koma siffar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Duk wurin da jini ya daina kaiwa, can ciwon yake tashi. A wannan zaman na fara gane cewa abin yana da dalili, ba saukar ba-zata ba ce kawai daga inda ban sani ba. Ta ce in sayi littafin rubutu mai bango mai kauri. Duk sanda ciwo ya tashi in rubuta kwanan wata, abin da na yi a kwana biyun da suka gabata, wurin da yake ciwo, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, maganin da na sha da ƙarfe nawa na sha, da sakamakon PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, idan an auna.

Littafin nan ya nuna mini maƙiyana da sunayensu. Wankan safe da ruwan randa lokacin hunturu. Kwanakin da ke gaban al'ada. Doguwar tafiya a mota, inda nake ƙin shan ruwa don gudun neman banɗaki a hanya. Biki, wanda ake wuni a tsaye a kan tukunya. Ɓacin rai ma yana ciki, duk da na daɗe ina ƙin yarda. Ba duk ciwo ne yake da sanadin da ake gani ba, wani yana zuwa ne ko ka kiyaye komai, kuma yana da kyau mai sikila da iyayensa su san wannan don kada a riƙa tuhumar yaro da "me ka yi kuma?" alhali yana murƙususu. Littafin ya kuma nuna mini cewa PCV ɗina na zaman lafiya 22 ne. Wanda bai san ni ba idan ya ga 22 sai ya ruɗe ya ce a nemo jini, alhali da shi nake zuwa kasuwa in dawo. Abin dubawa shi ne nawa ya sauka daga inda ya saba zama. Ƙarin jini ba na kowane ciwo ba ne: kowace leda tana tara sinadarin ƙarfe a hanta da zuciya, kuma jiki yana iya fara ƙin jinin wasu, ranar da ake tsananin buƙata a rasa wanda zai dace. Saboda wannan dalilin ba na shan maganin ƙarin jini na kwalba da 'yan dubiya ke kawowa sai gwaji ya nuna ƙarfen ne ya yi kaɗan.

Tsarina na kullum ba shi da wani abin burgewa. Ruwa lita 3 zuwa 4, wato ledar fiya-wata guda 6 zuwa 8, a rarrabe daga asuba zuwa kwanciya, ba a ɗura shi lokaci ɗaya ba. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa kamar ta kowa, shi ya sa muke yawan fitsari, kuma shi ya sa yaranmu suke daɗewa suna fitsarin kwance. Duka ba ya gyara wannan, hana su ruwa da dare kuwa jawo ciwo ne. Alamata ita ce launin fitsari, idan ya yi duhu na san ina bin jikina bashi. Sai folik asid ƙwaya ɗaya mai miligiram 5, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka rubuta mini, da gidan sauro ko ana zafin bazara. Saifar mai SS takan daina aiki tun yana ƙarami, to garkuwar da take bayarwa babu ita, zazzaɓin da wani zai sha magani ya tafi aiki ni yana iya kwantar da ni a gadon asibiti.

Maganin da ya fi canza mini rayuwa shi ne haidiroksiyuriya. Aikinsa ya tayar da wancan jinin na jarirai wanda ba ya lanƙwashewa. Likita ne yake lissafa shi da nauyin mutum, ga manya galibi ana farawa da miligiram 15 a kowane kilo, kuma kafso ɗin da aka fi samu mai 500 ne. Inda mutane suke faɗuwa wuri biyu ne. Wasu suna sha wata ɗaya, ba su ga canji ba, sai su watsar, alhali yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin amfaninsa ya bayyana. Wasu kuma suna jin labarinsa a wajen wani su je kemis su saya, ba tare da gwajin ƙwayoyin jini da ake yi a kai a kai ba, kuma maganin yana iya saukar da fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta har abin ya zama haɗari. Ya baƙanta mini farce, na rufe da lalle. Mace mai shirin ɗaukar ciki dole ta yi magana da likita tun kafin, domin ana dakatar da shi. Kuɗinsa yana da nauyi, kuma a ganina gara a rage anko da gudummawar biki da a yanke shi.

Azumi ya ba ni wahala ta wata fuskar. Gida kowa yana sahur, ana shirin buɗa baki, ni kuma ina laɓewa a ɗaki da kofin ruwa kamar mai laifi. A bazarar Kano zafi yana haura digiri 40, kuma wuni ba ruwa a irin wannan yanayi kiran ciwo ne kai tsaye. Malamin Islamiyyarmu ne ya warware mini. Ya karanta mini aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara, ya ce, "Malama, rangwamen nan Allah ne ya yi shi, ba alfarmar wani ba ce." Wanda likita ya tabbatar azumi zai cutar da shi, kuma ba a sa ran warkewarsa, yana ciyar da miskini a madadin kowace rana. Akwai masu sikila da jikinsu yake ɗauka idan azumin ya faɗo lokacin sanyi, wannan tsakaninsu da likitansu ne. Ni dai na daina ɓoye kofina.

To, idan ciwon ya zo fa? Yana da sallama. Ni nakan ji wani nauyi a gadon baya da kasala marar dalili, wani lokaci ido ya ƙara ɗorawa. Sa'ar farko ita ce mai tsada. Ina ajiye duk abin da nake yi, ko da baƙi ne a falo. In sha ruwa mai ɗumi kofi biyu, in ci gaba da kurɓa. In sha farasitamol a kan ƙa'idar da aka rubuta mini, in rubuta lokacin, domin cikin zafin ciwo mutum yana manta ya sha ya sake sha, kuma babba ma ba ya wuce giram 4 a awa 24, mai ƙaramin jiki irina ƙasa da haka. Ibufurofen ko dikulofenak sai bayan cin abinci kuma na 'yan kwanaki kawai, saboda suna cin ciki suna kuma taɓa ƙoda, wadda dama sikila take yi wa aiki. In sa ruwan zafi a gora, in naɗe da tawul, in ɗora a wurin. Ƙanƙara ko ruwan sanyi ƙara matse jijiya suke yi. Tausa a hankali tana taimakawa, murza da ƙarfi ba ta yi. Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba: idan ciwon yana baya ko haƙarƙari mutum yakan riƙa gajeren numfashi don gudun zafi, ƙasan huhu ya rufe, daga nan ciwon ƙirji mai kisa yake samun ƙofa. Don haka duk awa biyu, muddin idona biyu, ina jan dogon numfashi sau goma. Yara ana ba su balan-balan su hura.

Akwai alamomin da ba na tsayawa shawara da kowa a kansu, ko ƙarfe nawa ne. Zafin jiki da ya kai 38.5 a ma'auni, shi ya sa ma'aunin yake cikin jakata ba bayan hannu nake dogara da shi ba. Ciwon ƙirji, tari ko sarƙewar numfashi. Tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, da jiri. Karkacewar baki, nauyin harshe, ko hannu ya saki. Matsanancin ciwon kai. Ciwon da maganin gida bai taɓa shi ba bayan 'yan awoyi. Ga yaro, cikin da ya kumbura ta hagu farat ɗaya yana yin laushi, wannan jini ne yake taruwa a saifa, kuma minti yana da daraja. Ga namiji, gaba ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya. Kunya tana sa samari su ɓoye, kuma idan ya kai awa huɗu lahanin yana iya zama na har abada, don haka ba a jira ya kai can. Jakata kullum a haɗe take: katin asibiti, littafin, bargo, safa, kofi, caja, da takarda mai rukunin jinina da lambobin mutum uku masu AA, wato marasa ƙwayar sikila, da suka yi alkawarin ba ni jini. Ina zubin adashe na musamman wanda ba na taɓa kwasarsa don komai sai asibiti. Rabin firgicin dare na "ina za mu samu kuɗi, wa za mu kira" ne, kuma wannan rabin ana iya kashe shi tun da rana.

Sauran rabin yana cikin kai, kuma shi ne mai wuyar faɗa. Idan ciwo ya kai 9, ji nake kamar ana daka ƙashina a turmi, kuma zuciya tana fara kawo tambayoyin da ba su da amfani: yaushe zai ƙare, wannan ne na ƙarshe, me na yi. Na koyi ƙin amsa su. Ba na auna kwanakin da ke gaba, ina auna daga yanzu zuwa allura ta gaba, ko daga Isha zuwa kiran assalatu. In ɗora hannu a wurin in yi Bismillah sau uku, sannan sau bakwai "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru", kamar yadda ya zo a hadisi. In bakin ya gaji sai addu'ar Annabi Ayuba da ke Suratul Anbiya, aya ta 83. Ina son ayar nan domin Annabi ne guda ya buɗe baki ya ce cuta ta shafe shi, kuma ba a kira shi marar haƙuri ba. Mu a nan an ɗauka haƙuri shi ne yin shiru. Na ga yaran da aka yaba wa dauriya har aka makara kai su asibiti. Ina kuka idan ya kama, ina faɗin inda yake mini ciwo da ƙarfinsa, kuma ban ga ta inda wannan ya rage mini imani ba.

A wani asibiti an taɓa ce mini 'yar ƙwaya saboda na faɗi sunan allurar da take mini aiki. Ya yi mini zafi ƙwarai. Yanzu nakan miƙa littafina in ce, "Likita, SS ce ni, PCV ɗina na kullum 22, na sha kaza da ƙarfe kaza bai yi ba, ciwon yana 8." Magana a tsare tana sa a saurare ka. Amma zargin nasu ma yana da tushe, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Allurar kashe ciwo ta fentazosin ta lalata masu sikila da yawa. Ana farawa ne da gudun layin asibiti, a sami mai kemis ya riƙa yi a gida, daga nan mutum ya koyi yi wa kansa, har ya kasa bambance ciwon sikila da ƙishirwar allurar. Naman cinya ya ƙandare, gyambo ya buɗe ya ƙi warkewa. Dokar da na kafa wa kaina ita ce allura mai ƙarfi ba ta shiga gidana, a asibiti kawai. Na yanke wannan ne ina lafiya, domin na san idan ciwo ya kai maƙura ba ni da hankalin yanke hukunci.

Hukunci mafi nauyi da na taɓa yankewa na aure ne. Wanda nake so ya fito, mutumin kirki, ya san halina ya kuma yarda. Gwaji ya nuna AS ne. SS da AS, kowane ciki rabi da rabi ne. Ya ce mu yi tawakkali, wasu dangi ma suka ce haka, har da masu cewa wa zai sake zuwa neman mai sikila. Na yi istihara, na yi kukan da ban taɓa yi wa ciwo ba, na ce a mayar musu da kayansu. Na san ɗaki da daren da zan jefa ɗana a ciki, ba labari aka ba ni ba. Ba na zagin iyayenmu, su ba su sani ba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2024 jihar Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure, har da na jinsin jini, kuma na yi murna. Sai dai gwajin ranar da aka riga aka kai lefe ya makara, zuciya ta riga ta tafi. A yi shi tun ana gaisawa, a wurare biyu daban, domin ana samun kuskuren sakamako, kuma wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce sakamakonsa yana iya ruɗarwa. Daga baya Allah ya kawo mai AA. 'Yarmu AS ce, kamar yadda duk 'ya'yan irin wannan aure suke zama, kuma za ta san haka tun kafin ta san mene ne zance.

Kan batun warkewa, ana dashen ɓargo, kuma an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma galibi yana buƙatar ɗan'uwa wanda ɓargonsa ya dace, da kuɗi masu yawa, kuma yana da nasa haɗarin. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar halitta, a kan dala miliyan 2.2 a Amurka. Ina bin labarin, ban rataya zuciyata a kansa ba. Masu tallar jiƙon da wai yake mayar da SS ya koma AA kuwa, da lasifika a bakin kasuwa ko a Facebook, ƙarya suke yi, kuma ƙodar da suke lalatawa ba su za su biya kuɗin wankinta ba.

Yanzu abin da ke gabana ƙugu ne. Jini ya daina isa kan ƙashin cinyata ta dama, ya fara mutuwa. Ya fara ne da ciwo a matsematsi idan na hau bene, wanda bai yi kama da ciwon da na saba ba, kuma hoton farko bai nuna komai ba sai da aka yi MRI, hoton da ke nuna har cikin ƙashi. Na bar koyarwa a tsaye na koma ɗinki da keken lantarki, ina salla a kujera, ina tafiya da sanda don rage wa ƙashin nauyi. Sandar ta fi komai yi mini wuyar karɓa, sai da na yi makonni ina barin ta a bayan ƙofa idan zan fita unguwa. Likitan ƙashi ya ce sai an canza ƙugun. Kafin a shiga da ni za a ƙara mini jini har ya kai wajen giram 10 a awon himogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, a tabbatar babu wata cuta a jiki, kuma bayan aikin za a tashe ni in fara takawa da wuri saboda huhu. Mun haɗa fiye da rabin kuɗin, mutum biyu cikin masu ba ni jini sun riga sun je an gwada su, kuma an ce in koma bayan Babbar Salla a sa rana.